Wa Ya Mallaki Cocin Da Mahaƙa Kwal Suka Gina?

A watan Fabrairun 2007 hukumar cocin Katolika ta birnin Niyok ta sa aka garƙame wata ƙaramar majami'a da ke titin Broome, a tsibirin Manhattan. Sunanta Our Lady of Vilnius, kuma baƙi 'yan ƙasar Lituwaniya ne suka gina ta wajen shekarar 1910, da yawansu 'yan dako ne a tashar jiragen ruwa. An kira limaminta zuwa ganawa da Kadinal Edward Egan, kafin ya dawo an canza makullai. Hujjar hukumar ita ce rufin ginin ya lalace, masu zuwa ibada kuma sun ragu ainun. Mabiya suka garzaya kotu. Shugaban ƙasar Lituwaniya na lokacin, Valdas Adamkus, wanda shi kansa ya shafe shekaru masu yawa yana gudun hijira a Shikago, ya kai kokensu gaban Fafaroma Benedict na 16. A 2011 babbar kotun jihar Niyok ta ce hukumar cocin ce ke da iko da ginin. A 2015 aka rushe shi.

Ta fuskar doka ba a yi kuskure ba. Sai dai hukunci yana iya zama daidai a kan takarda alhali ya bar zalunci a ƙasa. Irin wannan rufewa ta maimaitu a garuruwa da dama na Amurka, kuma tambayar da ke ƙarƙashinta ta girmi shekara ɗari: idan talakawa suka tara gumin goshinsu suka gina wurin ibada, sannan takardar mallaka ta tafi da sunan wani, ginin na wa ne ranar da jikokinsu suka yi ƙaranci?

Lituwaniya ƙasa ce a gaɓar tekun Baltik, a arewa maso gabashin Turai, kuma ita ce ta ƙarshe a nahiyar da ta bar addinin gargajiya. Sai a 1387 aka yi mata baftisma, bayan sarkinta Jogaila ya auri sarauniyar Polan ya kuma hau gadon sarautar can. Tun da addinin ya shigo ta ƙofar Polan, harshen Polan ne ya zama harshen limamai da masu sarauta da 'yan birni. Harshen Lituwaniya ya zauna a bakin manoma, ana yi masa kallon yaren ƙauye. A 1795 Rasha ta haɗiye mafi yawan ƙasar. Bayan tawayen 1863 gwamnatin sarkin Rasha ta haramta buga duk wani littafi na harshen Lituwaniya da haruffan Latin, haramcin da ya ɗauki shekara arba'in, daga 1864 zuwa 1904. Bishof Motiejus Valančius ya shirya a riƙa buga littattafan addu'a a ƙetaren iyaka, a yankin Prusiya ta Gabas, masu fasa-ƙwauri suna shigo da su a ɓoye. Wanda aka kama yana iya ƙarewa a kurkuku ko a Saiberiya. A wancan zamani riƙe littafin addu'a da riƙe harshen uwa sun zama laifi guda, kuma da wannan tarbiyya mutanen suka hau jirgin ruwa.

Abin da ya kore su ba ɓoyayye ba ne: ƙarancin gona bayan 'yanta manoma daga bautar masu ƙasa a 1861, yunwar 1867 da 1868, da tilasta wa samari shiga sojan Rasha. Kafin 1899 jami'an shige da fice na Amurka suna rubuta su a matsayin 'yan Rasha ko 'yan Polan. Daga shekarar da aka fara ƙirga su da sunansu zuwa 1914, fiye da mutum 250,000 suka shiga. Wasu suka nufi ramukan kwal na jihar Pensilbaniya, wasu mayankar dabbobi ta Shikago, inda marubuci Upton Sinclair ya ɗauko jarumin littafinsa The Jungle na 1906, wani ɗan Lituwaniya mai suna Jurgis Rudkus.

Da farko sun haɗa coci da 'yan Polan, tun da addininsu ɗaya ne kuma sun saba da juna tun daga gida. A garin Shenandoah na Pensilbaniya ɓangarorin biyu suka kafa ikilisiyar Saint Casimir a 1872, limaminta na farko ɗan Lituwaniya ne, Fada Andrius Strupinskas. Ba a daɗe ba cocin ya koma hannun 'yan Polan, 'yan Lituwaniya suka sake sabon tara kuɗi suka gina nasu, Saint George, a 1891. A garin Plymouth, inda Fada Aleksandras Burba ya iso a 1889 yana kiran mutanensa su ware, rikicin ya kai har maƙabarta, aka yi ta jayayya kan wanda ke da haƙƙin binne gawarsa a ciki.

Mai kallo daga nesa zai iya cewa wannan ƙabilanci ne kawai, domin a wancan lokaci ibadar Mas da harshen Latin ake yin ta a mafi yawan coci-cocin Katolika na duniya, kuma haka ta ci gaba har taron Batikan na biyu a shekarun 1960. Mahaƙin kwal ɗan Lituwaniya ba ya jin Latin, ɗan Polan ma haka. To me ake faɗa a kai? Ana faɗa ne a kan abin da ya rage bayan an cire Latin: wa'azi, waƙoƙin yabo, karatun yara, da kuma furta zunubi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. A aƙidar Katolika mumini yana durƙusawa ya faɗa wa limami laifofinsa da bakinsa kafin a yi masa albishir da gafara. Mutumin da ke sauka rami kowace safiya, ba shi da tabbacin zai fito da ransa, yana buƙatar limamin da zai fahimci abin da yake faɗa. Idan aka ɗauko shi daga ƙarƙashin dutse numfashi na shirin barinsa, ba lokacin neman tafinta ba ne. Duk wanda ya ɗauki wannan buƙata a matsayin son rai bai yi wa mutanen adalci ba.

A kan wannan ne suka gina ikilisiyoyi fiye da ɗari a faɗin Amurka. Kowace ɗaya ta zo da ayarinta: makarantar firamare, ƙungiyar taimakon juna da ke biyan kuɗin jana'iza da tallafa wa matar da rami ya cinye mijinta, ƙungiyar mawaƙa, zauren biki a ƙarƙashin gini. A 1907 wata budurwa mai suna Kazimiera Kaupaitė, wadda aka fi sani da Uwa Maria Kaupas, ta kafa ƙungiyar sistoci ta Saint Casimir a Scranton domin koyar da 'ya'yan baƙi. Daga baya suka koma Shikago, kuma su suka riƙe asibitin Holy Cross da aka buɗe a 1928. Jaridar Draugas ta Katolika, da aka fara bugawa a 1909, har yau tana fitowa daga Shikago. A shekarun haramcin rubutu, littattafan da aka buga a Amurka suna cikin waɗanda ake fasa-ƙwaurinsu zuwa gida. Wato ma'aikacin da ke zaune a ɗakin haya a Pensilbaniya yana da 'yancin karanta harshensa fiye da ɗan'uwansa da ke kan ƙasar kakanninsu.

Ba duka ne masu zuwa coci ba, kuma bai kamata a shafe wannan ba. Likita Jonas Šliūpas, wanda ya iso Amurka a 1884, ɗan kishin ƙasa ne na gaske, amma ya zama babban abokin hamayyar limamai. Babbar ƙungiyar 'yan Lituwaniya ta Amurka, da aka kafa a 1886, ta dare gida biyu a 1901, Katolika gefe guda, masu ra'ayin raba addini da harkar ƙasa gefe guda. A Shikago, da maƙabartar Saint Casimir ta riƙa ƙin karɓar gawar waɗanda suka bar coci, sai waɗannan suka sayi nasu fili a 1911. Akwai kuma 'yan ɗariƙar Luta, da ɗimbin Yahudawan Lituwaniya waɗanda suka kwashe manyan makarantunsu na addini zuwa ƙetare, kamar ta garin Telšiai da aka sake kafawa a Cleveland a 1941. Labarinsu wani babi ne mai zaman kansa.

Batun takardar mallaka kuwa tun da wuri ya kunno kai. Bishof-bishof na Amurka, waɗanda akasarinsu 'yan asalin Ailan ne, sun sha fama da kwamitocin mabiya masu riƙe dukiyar coci suna ɗauka da korar limamai yadda suka ga dama. Don haka suka tsaya kai da fata, musamman bayan babban taronsu na Baltimore a 1884, cewa fili da gini su kasance ƙarƙashin ikon bishof. Baƙin da suka fito daga gabashin Turai sun ga abin da ban mamaki. A gida attajiri ko mai sarauta ne ke gina coci. A nan su ne suka gina da kwabo da sisi, kuma ana ce musu su miƙa takardar ga wani wanda ko sunayensu ba ya iya furtawa.

A Scranton mabiya cocin Saint Joseph na 'yan Lituwaniya suka ƙi. Suka kai Bishof Michael Hoban kotu, kuma a 1908 kotun ƙolin Pensilbaniya ta ba su gaskiya, bisa wata dokar jihar ta 1855 da ta ce dukiyar coci tana ƙarƙashin ikon mabiyanta. Bishof ya mayar da martani da makamin da kotu ba ta iya ƙwace masa: ya haramta yin ibada a ginin. Suka wayi gari da coci babu limami. Shari'ar ta ja shekaru, a ƙarshe wani ɓangare ya fice ya kafa cocinsa mai cin gashin kansa, Providence of God, a 1914, wanda ya jingina da ɗariƙar da Fada Franciszek Hodur ya kafa wa 'yan Polan masu irin wannan ƙorafi. A 1935 majalisar jihar ta sauya dokar, iko ya koma inda dokokin coci suka ajiye shi. Mafi yawan 'yan Lituwaniya sun zaɓi su zauna ƙarƙashin bishof da Fafaroma, suka miƙa takarda. Sun yi haka ne bisa wata fahimta da ba a taɓa rubutawa ba, cewa sunan bishof amana ne, ginin kuwa nasu ne. Shekara saba'in babu wanda ya gwada ƙarfin wannan fahimta, domin kujeru a cike suke.

Sun ma ƙara cika bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da Tarayyar Sobiyet ta sake mamaye Lituwaniya a 1944, dubun dubatar mutane suka gudu zuwa yamma, suka zauna a sansanonin 'yan gudun hijira a Jamus. Dokar da Amurka ta yi a 1948 ta buɗe wa kimanin 30,000 daga cikinsu ƙofa. Waɗannan malamai ne, lauyoyi, hafsoshin soja, limamai da masu zane, kuma sun ɗauki kansu a matsayin ƙasa a gudun hijira. Cocin Nativity da ke unguwar Marquette Park a Shikago, wanda Jonas Mulokas ya zana aka kammala a 1957, da gangan aka yi masa siffar gine-ginen gida, a daidai lokacin da ake mayar da coci-coci a Vilnius rumbunan ajiya, har ɗaya daga cikinsu aka mai da shi gidan tarihin kafirci.

Aikin da ya fi ɗaukar hankali a wannan zamani shi ne na wata mujallar ɓoye. Daga 1972 zuwa 1989 wasu limamai da sistoci a cikin Lituwaniya suka riƙa buga bayanan muzgunawar da ake yi wa masu addini: wa aka kama, wa aka kora daga aiki, wane yaro aka tsorata a makaranta. Editanta na farko, Fada Sigitas Tamkevičius, ya sha ɗauri a kanta, kuma a 2019 aka naɗa shi kadinal. Ana fitar da shafukanta a ɓoye zuwa yamma, ƙungiyar agajin addini ta 'yan Lituwaniya da ke Brooklyn tana fassarawa tana rabawa, gidan Rediyon Batikan kuma yana karanta su cikin harshen Lituwaniya ga mutanen gida. Tsohuwar dabarar masu fasa-ƙwaurin littattafai ce aka juya, yanzu takarda na fita ne maimakon shiga. Kuɗin wannan aiki daga aljihun mabiyan waɗannan ikilisiyoyi ya fito.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba bishof ne ya kwashe mutane daga unguwanninsu ba. Shenandoah tana da mutum fiye da 25,000 a 1910, yau ba su kai 5,000 ba, domin kwal ya mutu matasa suka tafi neman abinci. An rufe mayankar Shikago a 1971. 'Ya'yan da sistoci suka koyar sun yi karatu, sun auri 'yan wasu ƙabilu, sun sayi gidaje a bayan gari. Wani ɓangare na ƙaurar ma ba abin alfahari ba ne. A Marquette Park ne aka jefi Martin Luther King da dutse a watan Agustan 1966, lokacin da ya jagoranci zanga-zangar neman a bar baƙar fata su zauna inda suke so, kuma a shekarun da suka biyo baya fararen mazauna unguwar da yawa suka tattara suka bar ta. Mutumin da ke zuwa cocin kakansa sau biyu a shekara, ranar Kirsimeti da ranar Ista, ba shi da bakin cewa an ƙwace masa abu, idan bai san nawa ake kashewa wajen ɗumama ginin a lokacin hunturu ba.

Hujjar bishof-bishof tana da nauyi, kuma a faɗe ta yadda take. Limamai sun yi ƙaranci. Gini mai shekara ɗari yana cin kuɗi kamar rijiya. A ƙaramin gari guda ana iya samun cocin 'yan Ailan, na 'yan Polan, na 'yan Lituwaniya, na 'yan Italiya da na 'yan Silobakiya, duka Katolika, duka da Turanci suke ibada yanzu, kowanne da tsofaffi 'yan ƙalilan. Babu mai hankalin da zai ce a riƙe su duka har abada.

Inda hujjar ta gaza shi ne a ɗaukar cewa daga rufewa sai rushewa, da kuma yanke hukuncin a bayan ƙofa. An rufe Saint George na Shenandoah a 2006 bisa dalilin cewa ginin na da haɗari, mabiya suka musanta, suka nemi a bar su su gyara, cikin 'yan shekaru hasumiyoyinsa biyu suka bi ƙasa. Saint George na Shikago, uwar ikilisiyoyin 'yan Lituwaniya a birnin tun 1892, an rufe shi a 1990 aka kuma rushe. Rushewa ba ta da gyara, lissafin kujeru kuwa yana canzawa. Cocin Saint Casimir na gabashin Landan, da aka gina a 1912, ya daɗe yana hidima ga ƙaramar al'umma mai tsufa. Da Lituwaniya ta shiga Tarayyar Turai a 2004, dubban matasanta suka kwararo Ingila neman aiki, da yawansu a gabashin Landan ɗin suka sauka, suka tarar da coci da limami mai jin harshensu suna jiran su. Da an sayar da shi a shekarun 1980, da babu wanda zai iya sayen fili a wannan wuri yau ya sake gina shi. Ita kanta fadar Batikan ta nuna cewa ba kowace rufewa ce ke kan ƙa'ida ba: a 2012 ta soke umarnin bishof na Cleveland na rufe ikilisiyoyi 13, saboda bai bi matakan da dokar coci ta shimfiɗa ba.

Akwai kuma hanya ta uku wadda ta fi rushewa mutunci. Cocin Holy Cross da ma'aikatan mayanka suka gina a unguwar Back of the Yards ta Shikago yana tsaye, kuma masu cika shi yanzu baƙi ne daga Meziko, waɗanda su ma aikin ƙarfi ya kawo su, su ma limamin da ke jin harshensu suke nema. Wasu jikokin masu ginin suna jin wannan kamar rashi. Amma gini ne da aka yi domin baƙo talaka, kuma baƙo talaka ne ke cikinsa. Abin da ya dace a nema daga kowane bishof bai wuce ƙima ba: ya buɗe littafin lissafi gaban mabiya, ya ba su wa'adi na gaskiya su nemo kuɗin gyara, idan sun kasa ya fara tayin ginin ga al'ummar da ta gina shi ko ga wata mai buƙatar wurin ibada kafin ya kira mai katafila, sannan ya tabbatar rajistar baftisma da ta aure da tagogin da ke ɗauke da sunayen masu ba da gudunmawa ba su watse a kasuwa ba.

Su ma 'yan Lituwaniyan sun ɗauki darasi, ko da yake a makare. A ƙarshen shekarun 1980 suka sayi wata tsohuwar makarantar horar da limamai a garin Lemont, bayan Shikago, suka mai da ita cibiyarsu. Akwai majami'ar Katolika a ciki, ana ibada da harshensu da izinin hukumar coci, amma ginin na al'umma ne. Sababbin baƙin da suka zo bayan 'yancin kai na 1990 can suka fi kai 'ya'yansu makarantar ranar Asabar. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan karon ba aro suka yi ba.

Misali mafi ban mamaki yana Brooklyn, kuma ba na Kirista ba ne. Tun ƙarshen ƙarni na 14, a zamanin Sarki Vytautas, Musulmi 'yan ƙabilar Tatar suka zauna a daular Lituwaniya, aka ba su filaye a madadin aikin soja. Cikin ƙarnuka biyu suka manta harshensu na asali, amma suka riƙe addini, suna rubuta littattafansu da harsunan maƙwabtansu cikin haruffan Larabci, wato ajaminsu. Wasu daga cikin zuriyarsu sun bi ayarin masu ƙaura zuwa Niyok, suka kafa ƙungiya a 1907, suka sayi wani gini na katako a titin Powers a 1931 suka mai da shi masallaci. Jama'arsu ba ta taɓa kai ko kusa da yawan Katolikan ba, kuma su ma sun watse zuwa bayan gari. Ba a cika buɗe ƙofar ba sai don idi ko ɗaurin aure ko jana'iza. Da mai lissafin kujeru ne ke riƙe da takardar, da tuni ya rufe wurin. Takardar tana hannun ƙungiyar, kuma ginin shi ne masallaci mafi daɗewa da ya rage a birnin Niyok.